Farfesa Iya Abubakar: Mutumin Da Ya Shigo Mana Da Kwamfuta Ta Ƙofar Lissafi

Shimfiɗa

Kwanakin baya ɗan ƙanwata ya taso daga wajen Roni ya same ni a Kazaure, da takardar sakamakon jarabawarsa ta gama sakandare a naɗe cikin leda. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, so nake ka shige mini gaba in samu gurbi a sabuwar jami'ar nan ta Babura. Kwamfuta nake son karantawa." Na karɓi takarda na duba. Hausa da Addini da Turanci duk ya yi abin kirki, amma da idona ya sauka kan lissafi sai na ga abin ba kyan gani. Na ce masa, "Ɗana, ai da wannan ba za su ɗauke ka ba." Ya dube ni cikin mamaki ya ce, "To Kawu, me ya haɗa kwamfuta da lissafi? Ni fa babu abin da ban iya ba a waya."

Ban yi masa dariya ba, domin sama da shekara ashirin da suka wuce ni ma haka na ɗauka. Wannan tambaya tasa ita ta sa na zauna na rubuto tarihin wani bawan Allah da mafi yawan yaranmu ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa duk wanda ya karanta kwamfuta a wata jami'a ta Arewa ya sha daga rijiyar da yake cikin waɗanda suka fara haƙawa. Wannan mutum shi ne Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi, kuma shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1975 zuwa 1978.

Yadda muka fara ganin ta a Kazaure

Mai karatu, bari in fara da gida. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta, 1991, kafin nan mu mutanen Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura duk 'yan Jihar Kano ne. A 1999 Alhaji Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, ya zama gwamna, kuma duk wanda ya yi zamanin ya san irin yadda mutumin nan ya ɗauki zancen kwamfuta da zafi. A farkon mulkinsa aka buɗe makarantar koyon fasahar sadarwa a garinmu, da haɗin gwiwar wani kamfanin ilimi na ƙasar Singafo mai suna Informatics, sunan da ya bi makarantar a bakin jama'a. A lokacin ne kuma, cikin 2001, wayar salula ta shigo Nijeriya. Sai abubuwan biyu suka haɗe mana a ka, muka ɗauka duk tare aka haife su.

Ina cikin samarin da suka yi ta zarya domin su koyi abin. Muka koyi kunnawa da kashewa, da buga wasiƙa, da adana ta a faifai, da buɗe akwatin imel. Ranar da na buga sunana na gan shi ya fito a takarda fes, ji na yi kamar na gama ilimin duniya. In da a lokacin wani ya tambaye ni wa ya kawo kwamfuta Arewa, da ba tare da wata-wata ba zan ce masa Saminu ne.

Sai wata rana wata hidima ta kai ni Samaru. Ina tafe cikin jami'a sai na ga gini da allo a jikinsa, an rubuta Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar. Ginin kuwa da gani ba na jiya ba ne. Da na dawo gida na je gaida wani tsohon malaminmu na lissafi wanda ya yi karatu a Zariya a shekarun 1970, na ba shi labari. Malam ya yi murmushi, ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafi, ya zaro wani kati mai tsawo daga ciki, duk jikinsa 'yan ƙananan huji. Ya ce, "Ka ga wannan? Da shi muka yi magana da kwamfuta tun ba a haife ka ba." Daga ranar na fara bibiyar tarihin mai wannan suna.

Daga Belel zuwa Kambirij

An haifi Iya Abubakar a watan Disamba na 1934 a Belel, wani gari da ke kan iyakar Nijeriya da Kamaru, cikin Ƙaramar Hukumar Maiha ta Jihar Adamawa a yau. Wato dai shi ma ɗan bakin iyaka ne, kamar yaran Babura da ke leƙen Jamhuriyar Nijar daga gonakinsu. Ya yi sakandare a kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda yau muka sani da Barewa, makarantar da ta samo asali daga Kwalejin Katsina. Daga nan ya wuce Kwalejin Jami'a ta Badun, wadda aka buɗe a 1948, kuma a wancan zamani digirin Jami'ar Landan take bayarwa. A nan ya karanta lissafi, ya fita da daraja ta ɗaya.

Sai mai karatu ya tuna yadda Arewa take a shekarun 1950 kafin ya gane nauyin wannan abu. Babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Jihar Arewa, 'yan Arewan da ke Badun kuwa ba su taka kara sun karya ba in aka gwada su da 'yan Kudu. A cikin wannan hali ne yaro daga ƙauyen bakin iyaka ya shiga fagen da kowa ke gudu, ya kuma yi zarra.

Daga Badun ya tafi Jami'ar Kambirij ta ƙasar Ingila, inda ya yi digirin digirgir. Bincikensa a kan yadda girgiza ke tafiya ne a cikin abu mai tauri, irin yadda motsin girgizar ƙasa ke ratsa duwatsu, da yadda take warwatsuwa idan ta ci karo da wuri mai gargada. A 1962 an buga aikinsa a mujallun masana na can. Irin wannan lissafi shi ne masu neman man fetur ke dogara da shi, su aika girgiza cikin ƙasa, su saurari yadda ta dawo, su gane abin da ke kwance a ƙarƙashi ba tare da sun tona ba.

Akwai wani abu game da Kambirij da ya kamata a sani. A can ne, cikin watan Mayu na 1949, wata kwamfuta mai suna EDSAC ta fara aiki a ƙarƙashin Maurice Wilkes, tana cikin na farko-farko a duniya da ke riƙe umarni a cikin ƙwaƙwalwarsu. Wurin da aka ƙera ta kuwa sunansa ɗakin gwaje-gwajen lissafi. A 1953 jami'ar ta fara ba da difloma a wannan sabon fanni. Ashe ke nan Iya Abubakar ya yi karatu ne a wurin da kowa ya san kwamfuta a matsayin 'yar gidan lissafi, wadda aka ƙera domin ta ɗauke wa masana wahalar ƙidayar da za ta ci musu watanni.

Samaru da ɗakin sanyi

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ran 4 ga Oktoba, 1962, da Sir Norman Alexander a matsayin shugabanta na farko, malamanta kuwa galibi Turawa ne da sauran baƙi. Iya Abubakar ya dawo gida ya shiga sashen lissafi, ya zama farfesa yana da sauran ƙuruciyarsa, ya kuma shugabanci sashen na tsawon shekaru. A tsakanin nan ya je koyarwa a jami'o'in Amurka, ciki har da ta Mishigan a 1965 zuwa 1966. Mutum mai irin takardunsa, in ya so, da ya yi zamansa can. Amma ya dawo Samaru, kuma daga sashensa ne aikin kwamfuta ya tsiro a jami'ar, har ya girma ya zama cibiya mai zaman kanta, wadda daga baya aka sa wa sunansa.

To wace irin kwamfuta ce? A nan sai in koma ga bayanin Malam, domin shi ganau ne. Ya ce ba abar ɗorawa a tebur ba ce, balle a cinya. Ɗaki guda take ci, ɗakin kuma dole a sanyaya shi dare da rana, ɗalibi ba ya ko taɓa ta. Abin da za ka yi shi ne ka zauna da takarda da fensir ka warware matsalarka daki-daki, sannan ka rubuta matakan da harshen da injin ke ganewa, wanda a lokacin FORTRAN ne ya fi tashe wajen masu kimiyya. Daga nan a huda maka kati. Kowane kati yana da gurabe 80, kuma layi ɗaya tak na umarninka yake ɗauka. In shirinka layi ɗari biyu ne, to katinka ɗari biyu ne, a jere, ka ɗaure da roba ka miƙa ta taga. Sai ka tafi, ka dawo daga baya, wani lokaci sai washegari, ka karɓi amsa a doguwar takarda. Idan ka manta waƙafi ɗaya, ko katinka ɗaya ya shiga gaban ɗan'uwansa, injin zai dawo maka da kayanka, ka sake sabon lale.

Na ce, "Malam, wannan ai azaba ce." Ya ce, "Azaba ce mai koyar da hankali. Wanda ya san kuskure ɗaya zai ci masa yini guda, dole ya yi tunani kafin ya rubuta. Ku yanzu dannawa kuke yi sannan ku yi tunani."

Wannan magana ta zauna mini. A nan na gane bambancin wanda ya iya tuƙa mota da wanda ya san abin da ke cikin inji. Mu a Kazaure tuƙi muka koya, kuma ba laifi ba ne, da shi da yawanmu suka samu abinci. Amma abin da Iya Abubakar ya dasa a Samaru shi ne sanin injin, wato iya fasa matsala gida-gida har ta zama matakan da na'ura za ta bi. Wannan kuwa lissafi ne tsantsa.

Kada kuma wani ya ce abin baƙo ne a wurinmu. Kalmar da masana kwamfuta na duk duniya ke kiran jerin matakan nan da ita, wato algoridim, daga sunan Al-Khawarizmi aka samo ta, malamin lissafin da ya zauna a Bagadaza a ƙarni na tara. A nan ƙasar Hausa ma an yi Muhammadu ɗan Muhammadu Al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu da Larabci a kan jera lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Malaman zaure da ke raba gado kuwa, da sudusi da sumuni da rubu'i suke kwana suke tashi. Gudun lissafin da yaranmu ke yi yau ba gadonmu ba ne.

Kujerar shugabanci

A 1975, shekarar da Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki, Farfesa Ishaya Audu ya sauka daga shugabancin jami'ar bayan shekara tara, aka naɗa Iya Abubakar. Kafin nan ya riga ya zauna a hukumar daraktocin Babban Bankin Nijeriya daga 1972 zuwa 1975, saboda haka ba baƙon sha'anin mulki ba ne.

Lokacin kuwa na sauye-sauye ne. A shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta karɓe jami'o'in da a da suke hannun jihohi, ta kuma shiga kafa sababbi. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda reshen Zariya ce, ta kama hanyar cin gashin kanta, har ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Kuɗin mai ya shigo, ɗalibai sun ƙaru, gine-gine na tashi. Sai dai kafin a je ko'ina kuɗin ya fara ja da baya, gwamnati ta fara neman inda za ta rage kashewa.

A 1978 aka ba da sanarwar ƙarin kuɗin abinci da na kwana a jami'o'in ƙasar nan. Abincin yini an ƙara masa kwabo 50. Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce ba ta yarda ba, aka shiga zanga-zangar da ta yi suna da kiran a tsige kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. Cikin watan Afrilu aka harbe wani ɗalibi, Akintunde Ojo, a Legas. Wuta ta kama, ta iso Samaru, sojoji suka buɗe wuta, aka rasa rayukan ɗalibai. Gwamnatin Janar Obasanjo ta rufe jami'o'i, ta haramta ƙungiyar ɗaliban, ta kafa kwamitin bincike. Da ƙura ta lafa, kujerar Iya Abubakar ta tafi da rikicin, kamar yadda ta Farfesa Ade Ajayi na Jami'ar Legas ta tafi. Aka kawo Farfesa Oladipo Akinkugbe, bayansa kuma Farfesa Ango Abdullahi a 1979.

Malam yana Samaru a wannan shekara. Duk surutunsa a kan kati da FORTRAN, in aka zo nan sai ya yi shiru. Abin da kawai ya taɓa gaya mini shi ne a bayan babbar mota ya dawo Kazaure, kuma mahaifiyarsa ta yi kwana biyu ba ta ci abinci ba kafin ta gan shi.

Ba Iya Abubakar ne ya ƙara kuɗin abinci ba, daga Legas umarnin ya fito. Amma Hausawa sun ce babba juji ne. Mutumin da ya saba da fagen da kowace matsala ke da amsa in an bi matakai, sai ga shi a tsakanin gwamnatin soja da ba ta son musu, da matasan da jininsu ke tafasa. Shekara uku kacal ya yi a kujerar, ya bar ta yana da shekara 43. Wannan abu ne da ya kamata duk malamin da ke hanƙoron shugabancin jami'a ya yi wa kallon tsanaki: kujerar tana ɗauke mutum daga aji da ɗakin bincike, kuma ba kullum take mayar da shi ba.

Bayan Samaru

Daga nan rayuwarsa ta karkata ga siyasa. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi ministan tsaro, daga baya ya koma ma'aikatar harkokin cikin gida. Ya shugabanci hukumar gudanarwar Jami'ar Badun, makarantar da ta yaye shi. A 1999 aka zaɓe shi sanata mai wakiltar Adamawa ta Arewa, ya yi zango biyu har zuwa 2007, ya kuma riƙe kwamitin kimiyya da fasaha na Majalisar Dattawa. Wato a daidai shekarun da muke koyon danna madannai a Kazaure, a shekarun da aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2001, tsohon malamin lissafin Samaru yana majalisa.

To amma ga abin lura. Yau in ka shiga Samaru ka tambayi ɗalibi wane ne ministan tsaro a 1980, da wuya ya sani. Tambaye shi ina ne Iya Abubakar, nan take zai nuna maka da yatsa. Cibiyar ta girma, ta zama cibiyar nazarin fasahar sadarwa, injinan da ke ciki an sauya su ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, katin huji ya zama abin ajiye wa jikoki. Minista ya wuce, sanata ya wuce, shugaban jami'a ma ya wuce cikin hayaniya. Abin da ya fara tun yana malamin aji shi ne ya tsaya.

Mu dawo gida

Yanzu fa yankinmu ba ya kukan rashin makarantu. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Kazaure, kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. Ga makarantar da Saminu ya kafa. Ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Maƙwabcinmu na Dambatta, Farfesa Umar Garba Dambatta, ya shugabanci hukumar sadarwa ta ƙasa daga 2015 zuwa 2023. Abin da iyayenmu suke tafiya Zariya nema, yau ga shi a ƙofar gida.

Tambayar ita ce, 'ya'yan wa za su cika waɗannan azuzuwa? Jami'ar tarayya ta kowa ce, kuma ba ta ɗaukar mai karatun kwamfuta sai da kiredit a lissafi. Tun 2015 jarabawar shiga jami'a ma gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Da na zaunar da ɗan ƙanwata na bi diddigi, sai ya gaya mini cewa a shekara biyunsa na ƙarshe a makarantarsu ta ƙauye ba su da tsayayyen malamin lissafi, sai mai yi wa ƙasa hidima in an samu, in ya gama shekararsa ya tafi. To yaron nan laifinsa nawa ne? Idan ba mu yi hattara ba, za a wayi gari jami'a tana garinmu, yaranmu kuma su ne masu sayar da katin waya da ruwan leda a bakin ƙofarta.

Ba kuma yau aka fara gano maganin ba. A 1977 tsohuwar Jihar Kano, da mu a cikinta, ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka yi ta 'yan mata a Taura. Aka tsamo yara masu ƙoƙari daga ƙauyuka, aka ba su malamai da kayan aiki. Likitoci da injiniyoyin da Kano da Jigawa ke taƙama da su yau, da yawansu daga can suka fito. Ba da na'ura aka fara ba, da malami aka fara. Haka ma a Samaru: sai da aka samu Iya Abubakar da sashen lissafi, sannan aka samu ɗakin kwamfuta.

Kammalawa

Ɗan ƙanwata dai bai tafi Babura bana ba. Na riƙe shi a wurina, na kai shi gaban Malam, wanda duk da tsufa bai daina koyar da yaran unguwa a zaurensa ba. Ranar farko Malam ya zaro katin nan mai huji ya miƙa masa, ya ce ya faɗi mene ne. Yaro ya juya shi gaba da baya ya ce bai sani ba. Malam ya ce, "To zauna, jikana. Kafin ka sake zana jarabawa za ka sani." Yanzu kullum bayan la'asar yana can da littafinsa, wayar kuwa tana aljihu.

Ina roƙon masu hannu da shuni na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya yi niyyar sayen kwamfutoci ya kai makarantar garinsu, ya fara tambaya tukuna ko akwai mai koyar da lissafi a wurin. In babu, to albashin malami ɗaya na shekara ya fi na'ura goma da za a kulle a ofis ƙura ta rufe su. Yaron Belel bai ga kwamfuta a ƙauyensu ba, malamai ya samu. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya kuma shiryi zuri'armu, amin.